Guduma da Katin Waifai

Ba don yana aiki da guduma ake ce masa Guduma ba. Aikinsa na 'yan mitsi-mitsin sukurori ne, irin waɗanda in ɗaya ya faɗi ƙasa sai an durƙusa da tocila ana lalube. Hannunsa ne ya jawo masa sunan. Tun yana saurayi, in magana ta yi tsawo hannun ke ƙarasa ta, kuma bai taɓa ƙarasa ta da kyau ba.

Shagonsa yana can ƙuryar layin masu gyaran kwamfuta, bayan matattakalar da kowa ke jibge kwalaye a ƙarƙashinta. Ɗaki ne matsattse: teburi guda duk tabon ƙuna, fanka mai kukan tsiya, sai gawarwakin laftof da aka jera a kan kanta har suna taɓa rufi. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, da talabijin ya zama abin da ba a gyarawa sai dai a yar, ya koma kwamfuta. A nan ya haɗu da Linux, kuma in gaskiya za a faɗa, ita kaɗai ce abin da ya zauna da shi shekara da shekaru ba tare da ya doke ta ba.

Linux manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta. Ba a sayar da ita, kuma cikinta a buɗe yake, duk mai so ya leƙa ya ga yadda aka gina ta. Wannan ne ya kama zuciyar Guduma, don a duniya ba abin da ya tsana kamar a rufe masa abu a ce ya yarda kawai. Tsohuwar kwamfutar da aka fid da rai da ita, in ta shigo hannunsa ya ɗora mata Linux, sai ka ga ta miƙe tana aiki kamar ba ita ba.

Wuri ɗaya ne gizo ke saƙa, wato katin netwok, ɗan abin da ke haɗa kwamfuta da intanet. Wani a ciki ake dasa shi, wani kuma ɗan ƙarami ne kamar babban yatsa, a gefe ake soka shi ya kamo waifai, wato intanet ɗin da ke zuwa ta iska ba waya. Kowane kati yana da wata 'yar baƙar ƙwaya a cikinsa, ita ce ke yin aikin. Wata ƙwayar Linux ta san ta, kana sokawa ta kama. Wata kuwa masu ƙera ta sun ɓoye sirrinta, ko ka wuni kana lallashi ba za ta ce maka uffan ba. Abin takaicin shi ne kamfani yakan canza ƙwayar ya bar suna da kwali yadda suke. Kati biyu, launi ɗaya, lamba ɗaya, amma ɗaya ya yi aiki ɗaya ya yi lakwas.

Saboda haka Guduma yana da doka guda: ba ya cinikin biri a sama. In zai sayi kati, da laftof ɗinsa yake zuwa a hammata. Ya soka katin, ya buga 'yan haruffa a baƙin allo, ƙwayar ta faɗi lambarta da kanta. "Kwali maƙaryaci ne," in ji shi, "ƙwaya ce ba ta ƙarya." In mai shago ya ce ba a yage kwali sai an saya, sai ya yage. In kati ya ƙi faɗin kansa, ya zura bakin wuƙa ya ɓare robar a gaban mai shi. Daga nan kuma sai abin da hali ya yi.

Hali kuwa ya sha yi. Akwai wanda ya karya wa haƙora biyu na gaba. Akwai wanda ya kwaɗa wa kibod a ƙeya, haruffa suka tarwatse a layin, har yau in aka tsinci wani a kwata sai a ce na Guduma ne. Shi ma bai tsira ba: an fasa masa gira da kwalba, an taɓa taruwa a kansa da ƙafar kujera har sai da aka ɗauke shi ranga-ranga. Ƙungiyar 'yan layin ta rufe masa shago ya fi a ƙirga. Sai dai in kwamfutar wani ta gagari kowa, a ɓoye za a lallaɓa a kai masa, a ajiye a bakin teburi, a ja da baya.

Da a kasuwa abin ya tsaya, da labarin Guduma na dariya ne. Amma mai hali ba ya ajiye halinsa a shago ya kulle. Matarsa ta sha duka a kan gishiri, a kan ƙofar da aka bari a buɗe, a kan abin da ba komai ba. 'Yarsu guda ce, sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake ce mata, kuma yana sonta son da shi kansa bai san inda zai ajiye shi ba. Shi ya koya mata kwamfuta, shi ya ɗora mata Linux a laftof ɗinta na farko. Wata rana da hantsi, tana budurwa, ya taso wa uwar, yarinyar ta shiga tsakani. Marin da ya auna wa uwar a kunnen 'yar na hagu ya sauka. Ta faɗi kan kwanuka, jini ya biyo wuyanta. A asibiti aka ce kunnen ya tafi ke nan.

Uwar ta kwashe 'yarta ta bar masa gidan, ko tsinke ba ta ɗauka ba. Guduma ya fasa duk abin da ke fasuwa a ɗakin, sa'an nan ya zauna a cikin tarkacen ya yi kuka irin na manya, mai muni, ba mai rarrashi. Shekaru suka shuɗe. A bakin mutane ya ji 'yar ta gama karatu, a bakin mutane ya ji ta yi aure da wani malamin makaranta, a bakin mutane ya ji ta haihu.

Bayan haihuwar ne ta kira shi. Ya ga baƙuwar lamba, ya ɗauka da tsawarsa ta kullum, sai ya ji an ce, "Baba, ni ce."

Muryar 'yarsa ce.

Ta ce, "Ina so ɗana ya san yana da kaka. Zan buɗe maka ƙofata. Amma ka ji ni da kyau, Baba. Ranar da ka sake ɗaga wa wani hannu, ko wane ne, ko me ya yi maka, ƙofar ta rufe ke nan. Ba zan yi faɗa ba, ba zan yi kuka ba. Rufewa kawai zan yi."

Ya ce, "Na ji, Uwata. Wallahi na ji."

Kuma abin mamaki, ya ji ɗin. 'Yan layin suka wayi gari suka ga Guduma yana tafiya da hannaye a goye a baya kamar mai zagayen duba gona. Wani ya taka masa ƙafa, ya ce ba komai. Wani ya kira shi tsohon banza, jijiyar wuyansa ta tashi ta kwanta, ya wuce. Ranar hutu yakan je gidanta, hawa na biyu a wani dogon gini, ya zauna a bakin kujera ya sha shayi yana kallon jaririn daga nesa. Ita kuma tana gefe da laftof, abin sauraro a kunne ɗaya, tana buga maganganun da wani kamfani ke turo mata ta mayar da su rubutu. Aikinta ke nan, kuma duk lokacin da ya ga ɗaya igiyar abin sauraron tana lilo a kafaɗarta, sai ya ajiye kofin shayin.

Ana nan sai katin cikin laftof ɗinta ya mutu. Waifai ɗin da suke amfani da shi na maƙwabta ne da suka yi tarayya, ba halin jan waya. Tana da aikin da dole ta tura kafin yamma. Ta kira shi da safe ta ce, "Baba, ko za ka duba min?"

Wannan ne karo na farko da ta roƙe shi wani abu tun tana yarinya. Ya rufe shago ko fanka bai kashe ba.

Shagon da ya nufa na wani ne da ake kira Sabon-Kaya, saboda kalmar ba ta fita daga bakinsa ko da kayan ya girmi ubansa. Mutum ne mai ƙiba da yawan raha, shagonsa duk gilashi. Guduma ya ga wani kati mai 'yar eriya soke a bayan kwamfutar shagon. Ya ce a ara masa. Ya soka a laftof ɗinsa, ya buga haruffansa, ƙwayar ta faɗi lambarta. Mai kyau ce, irin wadda Linux ke kamawa ba gardama.

Sabon-Kaya ya ce, "Irinsa ne cike da kanta, ga su nan. In yage maka ɗaya ka gwada?"

Nan fa tsautsayin da ba ya wuce ranarsa ya gifta. Guduma ya dubi kwalin, sabo ƙal, ledarsa na sheƙi. Ya tuna bai taɓa ba 'yarsa wani abu a cikin kwalinsa ba. Komai ya ba ta tun tana ƙarama ɓararre ne, gyararre, an naɗe da salatif. Ya so sau ɗaya ta yage leda da hannunta.

Ya ce, "A'a, bar shi a rufe. Kyauta ce zan kai wa 'yata."

Kai, Guduma! Mutumin da ya karya haƙoran mutane a kan kada a yarda da kwali, yau shi ne ya rungumi kwali ya hau mota yana murmushi. Garin neman gira ake rasa ido.

Ta yage ledar kuwa, har da 'yar dariya. Ya soka katin a laftof ɗinta. Shiru. Ya cire ya mayar. Shiru. Ya buga haruffansa, lambar da ta fito ba ita ba ce. Ya juya kwalin, can ƙasa kusa da lambar ya ga ɗan ƙaramin rubutu da ke nuna sabon zubi ne. An canza ƙwayar. Ya san wannan ƙwayar sarai, ya san ko zai kwana a kanta ba za ta motsa ba.

Surukinsa, mutum mai ladabi da ba ya nufin kowa da sharri, ya rusuna ya ce, "Baba, ko dai a sauke Linux ɗin nan a sa mata irin wadda kowa ke amfani da ita? Wataƙila katin ya yi."

'Yar ta dubi agogo.

Guduma ya zare katin ya ce, "Yanzu zan dawo, Uwata."

Rana ta take lokacin da ya koma layin. Ya ajiye katin a kan gilashin Sabon-Kaya, ya goya hannayensa a baya, ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce ya sani ba laifin mai shago ba ne, daga kamfani aka canza. Abu ɗaya yake so: a ba shi wancan na bayan kwamfutar, a riƙe wannan, tunda manhajar kwamfutar shagon ba Linux ba ce, tana karɓar kowanne.

Sabon-Kaya ya ce, "Haba dai. An yage kwali an dawo min da shi? Ni na ce in yage maka a nan, ka ce a'a. Nawa kuma ba na sayarwa ba ne, aiki nake da shi."

"To a yage sauran mu duba, ko akwai tsohon zubi."

"In yage kaya duka saboda kai?"

Guduma ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Don Allah. Roƙonka nake."

Kalmar nan ta fi ƙarar janareto tafiya a layin. Guduma na roƙo! Masu gyara suka ajiye sukurdireba, masu sayar da caja suka leƙo, kafin ka ce kwabo bakin shagon ya cika. Akwai masu tsohon tabo a cikinsu, kuma kowa ya san labarin hannayen da ake goyawa a baya. Sabon-Kaya ba mugu ba ne, amma mutum ne da in ya ga taro bakinsa ba ya iya zama.

Ya ce, "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. An ce 'yarsa ce ta ɗaure shi." Aka kwashe da dariya. Ya ji daɗin dariyar, ya ƙara. "Ka koma ka ce mata katin bai samu ba. Amma ka tsaya ta ɓangaren dama, ka ji, in ba haka ba ba za ta ji ka ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsit, don sun san an wuce gona da iri.

Guduma bai san lokacin da hannayensa suka rabu ba. Ya dai ga na dama ya tafi. Naushin farko a baki ya sami Sabon-Kaya, leɓen ya tsage, wani abu fari ya yi tsalle ya faɗa cikin kwalin cajoji. Ya cafki wuyan rigarsa ta saman kanta, ya jawo shi, ya buga fuskarsa a gilashin. Gilashin ya yi ƙara bai fashe ba. Ya ɗaga shi ya sake bugawa, wannan karon ya tarwatse, su biyun suka nutse cikin kwalaye da ɓaraguzai. Wani ya kwaɗa masa kujera a gadon baya, bai ko waiwaya ba. Wani ya rataye a wuyansa, ya watsar da shi kan teburin mai gyaran waya. Ya haye kan Sabon-Kaya yana kirɓa, yana kirɓa, mutumin ya daina kare fuska, ya daina ihu, sai wani gurnani da kumfar jini a hanci. Abin da zan faɗa ba daɗin ji, amma gaskiya ne: daɗi Guduma yake ji. Duk abin da ya haɗiye a watannin nan fita yake ta hannunsa, jikinsa har wani sakewa yake.

Da ya miƙe, ba wanda ya matso. Ya zagaya bayan kwamfutar, ya zare katin mai eriya, ya sa a aljihu. Taron ya dare masa ya wuce. A bayansa ana ta kiran a kawo mota, a kawo ruwa, a ɗaga wa Sabon-Kaya kai kada ya shaƙe.

A famfon bayan matattakala ya wanke fuska. Ya shiga shagonsa ya canza riga. Hannun ne ya ƙi ɓoyuwa: gaɓoɓin yatsu sun fashe, ya kumbura suntum, ga tsinin gilashi a ciki. Ya zare abin da ya zaru da ɗan hantsakin aikinsa, ya naɗe da tsumman goge allo, ya cusa a aljihun wando. A mota yana ta tsara magana. Zai ce ƙofa ce ta datse shi. Zai ce faɗuwa ya yi. Ya san kafin gobe labari zai kai mata, amma gobe daban, yau daban. Yau dai a tura aikin.

Da hannun hagu ya ƙwanƙwasa, da hagu ya soka katin. Ko numfashi ba a gama ja ba, 'yar fitilar katin ta kama ƙiftawa, sunayen waifai na ginin suka jeru a allo. Ta danna nasu, ya haɗu. Ta tura aikinta, layin da ke nuna tafiyarsa a allo ya cika har ƙarshe.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Kai, Baba!" Fuskarta ta washe, irin washewar da rabonsa da ganinta tun kafin ranar kwanukan. Surukin yana ta "Sannu Baba, sannu da ƙoƙari."

Jaririn ya motsa a kafaɗarta yana ƙananan kuka. Tana so ta amsa saƙon da ya shigo, sai ta juyo, ba tare da wani tunani ba, ta miƙo shi.

"Riƙe min shi, Baba."

Bai taɓa riƙe shi ba. Duk zuwan da yake yi, daga nesa yake kallo, bai roƙa ba, ba a ba shi ba. Ga yaron nan a iska tsakaninsu, yana harba 'yan ƙafafu, wuyansa bai gama tsayawa ba. Ba a karɓar irin wannan da hannu ɗaya. Guduma ya sani, jikinsa ma ya sani, kafin ya yi shawara hannun dama ya riga ya fito daga aljihu.

Tsumman ya jiƙe jawur. Jini ya bi tsintsiyar hannun ya shiga hannun rigar da ya canza.

Ta tsaya. A hankali ta janye yaron ta mayar ƙirjinta, ta rufe bayan kansa da tafinta. Ta dubi hannun, ta dubi katin da ke ƙiftawa a gefen laftof, wanda ba shi da kwali, ga ƙurar shagon wani a jikin eriyarsa. Ƙaryar ƙofa da ta faɗuwa duk suka gudu suka bar Guduma. Ita ce fa. Ta san yadda hannun nan yake kamawa in ya dawo daga aiki, ta san yadda yake kamawa in ya dawo daga wani abin.

Ta ce, "Yana da rai?"

Ya ce, "Da rai na bar shi."

"Me ya yi maka?"

Ya buɗe baki. In ya faɗi abin da Sabon-Kaya ya ce, sai ya maimaita mata shi a fuskarta, a gaban mijinta. Kuma ya tuna ta riga ta ce ko me aka yi masa. Ya rufe bakin.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsu biyu ta zare katin, fitilar ta mutu. Ta ajiye shi a hannun kujera kusa da shi, ba ta miƙa masa ba.

Ta ce wa mijinta, "Raka Baba."

Surukin ya ɗauko masa takalmansa ya jera, ya riƙe ƙofa, idonsa a ƙasa. Guduma ya ɗauki katin ya fita. Yana kan matattakala ya ji an zura sakata. A hankali aka zura ta, don kada yaron ya firgita.